Tsoron Saye da Tsoron Dole

Tun da aka fara samun 'ya'yan talakawa daga ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga suna ƙetare hazo neman ilmi, wasu da kuɗin gwamnati, wasu da kuɗin albasa da kifin iyayensu, akwai wani hoto da kusan kowane ɗalibi kan aiko gida kafin shekara ta zagayo. Za ka gan shi a cikin lilon ƙarfe an ɗaure shi da maɗauri, baki buɗe, idanu waje, ana shirin cilla shi sama a juyo da shi ƙasa. Idan ka tambaya sai a ce ai hutu aka yi, suka je dandalin wasanni. Wato dai yaro ya ciro kuɗi daga aljihunsa, ya bi layi, ya biya domin a tsorata shi. Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa, 'yan uwa marubuta, ita ce: shin ya dace wanda ya fito daga inda ake shan tsoro kyauta, ya je wata ƙasa ya sayi tsoro da kuɗi?

Ga wanda bai taɓa gani ba, irin wannan dandali gari ne sukutum da aka gina domin wasa kawai. A cikinsa akwai tituna da kasuwa da duwatsu da koguna, amma duk na kwaikwayo. Wanda ya fi suna shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1955, daga baya aka yi irinsa a Fulorida a 1971, da kusa da Faris a 1992. A Ingila akwai Alton Towers, a Malesiya akwai Sunway Lagoon, kuma da wuya ka sami ƙasar da ɗalibanmu ke karatu wadda ba ta da nata.

Mutane sun kasu gida biyu a kan wannan batu. Kashi na farko suna ganin almubazzaranci ne tsagwaronsa, har da ƙarin rashin ta-ido. Hujjarsu ita ce kuɗin shiga na yini ɗaya, idan aka juya shi zuwa naira, zai ciyar da gida guda kwana da kwanaki, kuma wanda aka sayar da gona aka tura shi karatu bai kamata a gan shi yana ihu a cikin lilo ba. Wannan magana ba ta yarwa ba ce, domin kuwa ɗalibin da jama'a suka ɗauki nauyinsa, hatta lokacinsa amana ne. Kashi na biyu kuwa suna cewa ai rai dangin goro ne, hutu yake so. Yaro ya yi wata shida yana fama da sanyi da kewa da baƙin harshe, in ya ware yini ɗaya ya yi dariya, wa ya cuta? Su ma suna da gaskiyarsu. Sai dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun tsaya a bakin ƙofa suna gardamar kuɗin tikiti, ba wanda ya leƙa ciki ya ga abin da ake sayarwa.

Da farko dai mu yarda cewa sayen tsoro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa jefa wa gardi kwabo domin ya matso da kurarsa, tsoro ya saya. Haka mai zuwa kallon hawan ƙaho, ko dambe, ko sharo. A Yawuri ma, jama'ar da ke cika bakin ruwa ranar bikin Rigata, suna kallon samarin Gungawa na tseren kwale-kwale da ninƙaya, abin da ke sa su sowa shi ne ganin ɗan Adam yana wasa a bakin halaka yana kuma tsira. Amma a lura da abu guda. Kurar gardi da takunkumi take zuwa, da sarƙa a hannun mai ita. Ranar da aka kwance takunkumin nan, babu mai jefa kwabo, kowa ta kansa zai yi. Ashe ke nan abin da mai kallo ya biya abu biyu ne a haɗe: faɗuwar gaba, da tabbacin cewa zai koma gida lafiya. Na farkon kura ce ta ba shi. Na biyun kuwa aikin mutum ne, kuma shi ne mai tsada.

A Disneyland akwai wani wasa da ya kamata duk ɗan bakin kogi ya tsaya ya yi nazarinsa, wato yawon jirgin ruwa cikin kurmi, wanda yana nan tun ranar da aka buɗe wurin. Ana zuba mutane a jirgi, a ratsa da su wani kogi da aka haƙa, a ce musu ga su a Kwango, ga su a Nilu. Can sai dorina ta taso daga ruwa ta wangame baki, mata su yi salati irin nasu, yara su ƙanƙame iyaye. Dorinar ta roba da ƙarfe ce. An ce da farko Disney dabbobin gaske ya so ya zuba, aka nuna masa cewa dabbar gaske barci take yi da rana, ba ta san an biya kuɗin kallonta ba. Shi kansa jirgin, a kan wani dogo da ke ƙarƙashin ruwa yake tafiya, ruwan kuma rina shi aka yi ya yi duhu domin kada a hango dogon. Shekaru da dama a wannan wasa akwai gumakan baƙaƙen mutane riƙe da masu, a matsayin abin tsoro da dariya, sai a 2021 kamfanin ya cire su bayan an daɗe ana kuka. Ɗan Yawurin da ya zauna a wannan jirgi, wanda kakansa ya san ƙarar dorinar gaske da dare, yana da abin tunani fiye da sauran fasinjoji.

To, mu dawo gida. Ruwan da muke zaune a bakinsa, shi ma hannun injiniya ne ya yi shi. An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara, a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da fadamu, aka tashi mutane sama da 40,000 aka mai da su sababbin matsugunai, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa. Hanyoyin da a da ake bi da ƙafa ko da jaki suka koma ƙarƙashin ruwa, zuwa kasuwa ya zama sai da fito. Itatuwa masu yawa ruwa ya cinye su a tsaye, kututturansu suna nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi, musamman idan ruwa ya ja baya.

Ga ruwa biyu ke nan, kowanne ɗan Adam ne ya tsara shi. Na farko an yi shi domin wanda zai hau kansa, saboda haka aka auna zurfinsa, aka ƙidaya kujerun jirginsa, aka tanadi abin da za a yi idan wani abu ya lalace. Na biyu an yi shi domin wutar lantarkin manyan birane, wanda zai hau kansa kuwa aka bar shi da dabararsa. A watan Fabrairun 2020 ɗaya daga cikin jiragen wasan nan na Fulorida ya sha ruwa ya fara nitsewa da mutane a ciki. An fitar da kowa lafiya, abin da suka yi asara bai wuce jiƙewar takalma da tufafi ba, amma labarin ya zagaya duniya. Bayan wata goma sha biyar, ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ya tarwatse a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, cikinsu da mata da yara. Waɗanda aka tsamo da rai a ranar ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne jami'ai kansu sun yi ta saɓani kan yawan waɗanda ke cikin jirgin, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, domin ba a rubuta sunan kowa a kwata ba. Mutum ya bar gida da safe da sunansa da na ubansa, kafin azahar ya zama ƙiyasi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa can ba a yin haɗari. Ana yi. A watan Yunin 2015 wani lilon ƙarfe a Alton Towers ya yi karo da wani da ke tsaye a kan dogo, mutum 16 suka ji rauni, 'yan mata biyu aka yanke wa kowace ƙafa ɗaya. Amma dubi abin da ya biyo baya. An rufe lilon watanni, hukuma ta bi diddigin abin da ya faru daki-daki, kamfanin ya amsa laifinsa a gaban alƙali, aka ci shi tarar fam miliyan 5 a 2016. Ba a ce tsautsayi ne a watse ba. An nemi wanda ya yi sakaci da takunkumin kura, aka same shi, aka hukunta shi.

Na san za a ce da ni ai ajali idan ya yi kira, ko babu ciwo sai an je. Haka ne, babu mai musun wannan. Amma manomin albasar da ya yi imani da cewa arziki na Allah ne, ba ya fasa ban ruwa. Ba mu taɓa jin ya kwanta a gida ya ce idan an ƙaddara albasa za ta yi ba. Me ya sa sai a kan ran mutum ne muke tuna ƙaddara mu manta da sababi? Za a kuma ce talauci ne, kuma wannan hujja ta fi ta farko nauyi. Mai jirgi yana lissafin man inji da gyaran katako da bakin da zai ciyar. Idan ya ɗauki mutum 50 maimakon 100, ko dai ya ninka kuɗin fito ko ya yi asara. Ita ma mai tallar da ke kwata ta san jirgin ya cika, amma idan ta bari ya tafi, kasuwar mako ta wuce ta. Babu wanda ke shiga irin wannan jirgi don ganganci. Saboda haka wa'azi kaɗai ba zai raba mu da wannan musiba ba, sai an sami ƙarin jirage masu ƙwari, da hukuma mai tsayawa a kwata kowace ranar kasuwa. Rabon rigunan kariya da sare kututture da aka yi a 'yan shekarun nan abin yabo ne, sai dai rigar da ke rataye a ɗaki ba ta ceton kowa. Duk da haka akwai abin da bai buƙatar miliyoyi. Littafi da biro na rubuta sunayen fasinja nawa suke? Zana layi da fenti a jikin jirgi, a ce idan ruwa ya taɓa nan an daina lodi, nawa zai ci?

A nan ne nake ganin amsar tambayarmu take. Ɗalibi bai yi laifi ba don ya shiga dandalin wasa, matuƙar bai ci bashi ko ya taɓa kuɗin makaranta ba. Dariyarsa ba ita ta kifar da jirgin Wara ba, kuma da ya zauna a ɗaki yana ƙunci, ba zai tsamo ko mutum ɗaya ba. Laifin yana zuwa ne idan ya shiga ya fito bai ga komai ba sai dorinar roba. Wanda aka haifa a bakin tafki, aka kuma tura shi neman sani, wajibinsa ne ya lura da yarinyar da ke tsaye a bakin layi tana ƙirga mutane, idan kujeru sun cika ta tare hanya ko da ɗan sarki ne na gaba. Ya lura da ma'aikacin da ke bin kujera ɗaya bayan ɗaya yana girgiza maɗauri kafin a tashi injin, da sandar da ake auna tsawon yara da ita a mai da wanda bai kai ba, ko da zai yi kuka ya yi birgima. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ainihin hajar da ya biya, kuma babu jami'in kwastan da zai hana shi shigo da su gida. Idan ya dawo ya zama injiniya ko kansila ko malamin makaranta, ya tsaya a kwatar Yelwa ranar kasuwa ya ga ana cusa mutum na ɗari a jirgin mutum hamsin bai ji komai a ransa ba, to a lokacin ne kuɗin tikitin nan ya tabbata almubazzaranci.

Mu ma marubuta muna da namu kason. Sau nawa muke kwasar taurarin littattafanmu mu kai su Landan ko Dubai yawon shaƙatawa, mu cika shafi uku da bayanin fitilu da lilo da kayan maƙulashe, alhali ba mu taɓa ba ɗan fito ko shafi ɗaya ba? Idan za mu kai tauraro dandalin wasa, mu ba shi idon da zai ga mai ƙirga mutane. Idan kuma za mu rubuta labarin jirgin da ya nutse, kada mu tsaya a kan adadi. Mu shiga jirgin tun daga kwata, mu zauna kusa da mai daddawa da goyonta, mu ji cinikin da take lissafawa a zuci, domin mai karatu ya san cewa wadda ruwa ya ci tana da suna, kuma akwai masu jiran ta da tsaraba.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Mai wata fahimta daban, musamman 'yan uwanmu da suka yi karatu a waje da waɗanda sana'arsu ke kan ruwa, fili nasu ne a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye masu fito da masu jiran su a gida.