Fatawa: Maigida ya rage kwanakin aiki, ya janye abincin rana

Tambayar ta fito ne daga wani matashi ɗan Gwaram da ke aiki a wani gidan mai a Birnin Kudu, kan titin Kano zuwa Maiduguri. Shekararsa uku yana zuwa kwana shida a mako, ana biyansa ƙarshen wata, ana ba shi abincin rana da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ciniki ya ja baya. Ana tsakiyar wata maigida ya ce masa daga yanzu kwana uku zai riƙa zuwa, albashi rabi, abinci da kuɗin mota sun tsaya, kuma kada ya kama wani aikin domin ana iya nemansa. Shin shari'a ta yarda da haka?

Amsa, bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa: abin da ke tsakaninsu ijara ce, kuma wannan matashi shi ne malaman fiƙihu ke kira ajiri na musamman, wato wanda aka ɗauki lokacinsa. Irinsa yana cancantar ladansa da zarar ya kawo kansa wurin aiki, ko motoci sun shigo ko ba su shigo ba. Ribar gidan mai ta maigida ce, haka ma faɗuwarsa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alƙawura, kuma Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Saboda haka duk kwanakin da ya riga ya yi kafin sanarwar, a biya su a tsohon farashi ba ragi.

Abin da zai zo gaba kuwa ya danganta da yadda aka ƙulla. Malikawa sun raba biyu. Idan an yanke wa'adi, kamar shekara ɗaya, ƙullin ya ɗaure su duka, babu mai sauya shi shi kaɗai. Idan kuma an ce kowane wata da kaza ba tare da iyaka ba, kowanne yana da damar janyewa. A nan maigida na iya kawo sabon sharaɗi, amma tayi ne, sai yaron ya amsa da yardarsa zai hau kansa. In ya ƙi, a sallame shi da haƙƙinsa.

Maganar abincin rana ita ce mutane suka fi rainawa, alhali nan nauyin yake. Mazhabar Malik ta halatta ɗaukar mutum aiki a kan ciyarwa da tufatarwa, wato abinci yana iya zama lada. Manoman Gwaram sun san wannan: mai ƙwadagon gona ba ya sharɗanta fura ko tuwo, amma kowa ya san suna cikin jinga, kuma abin da al'ada ta tabbatar hukuncinsa hukuncin sharaɗi ne. Abincin da aka shekara uku ana bayarwa kullum, wanda aka yi la'akari da shi wajen yanka albashi kaɗan, ya zama haƙƙi. Goron salla da ihsanin da maigida kan yi in ya ga dama, waɗannan kyauta ne, yana iya dakatar da su babu laifi.

Sharaɗin hana yaron neman wani aiki ɓatacce ne. Wanda ya biya kwana uku, kwana uku ya mallaka. Sauran na yaron ne, ya tafi kasuwar Sara ko gonarsa. In ana son ya zauna jiran kira, a biya kuɗin zaman.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ba ta saɓa ba: ta wajabta a rubuta wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, kuma wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar sai an ba shi sanarwar mako biyu kafin sallama. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka kada mai tambaya ya kafa hujja da shi idan wurinsu ƙarami ne.

Mai tambaya ya fara da zama da maigida gaban dattijai biyu, cikin ladabi, a rubuta abin da aka daidaita a kai. Maigidan da ƙunci ya same shi da gaske ya cancanci a sassauta masa, kuma yafe wani abu da son rai alheri ne. In sulhu ya gagara, yana iya kai ƙara kotu. Amma bai halatta yaron ya taɓa kuɗin ciniki ko ya tauye wa masu saye mai da sunan fanshe haƙƙinsa ba, domin amana aka ba shi. Allah ne mafi sani.