Gwiwar Bututu

A Wudil, kusa da gada, akwai wani tsohon mai walda da yaronsa. Wata rana wani manomin rani ya kawo musu bututun ƙarfen da yake jan ruwa da shi daga kogi, yana son sanin sauran kwanansa, domin zai sayi babban inji.

Yaron ya yi wuf ya ɗauki ma'auni. Bututun kaurinsa milimita 6 ne yana sabo, kuma in ya kai 2 ya tashi aiki. Ya auna miƙaƙƙen wuri, ya tarar rabin milimita kawai ya ci a shekarar da ya yi yana aiki.

"Alhaji, kwantar da hankalinka, akwai sauran shekara 7," in ji shi.

Tsohon bai tanka ba. Ya zura hannu cikin gwiwar, ya shafa bayan lanƙwasar, sannan ya ce, "Zo ka taɓa nan."

Wurin ya yi sumul, ya lotsa. Da aka auna, milimita 1 cur ya tafi.

"Baba, ai ruwa ɗaya ne ya bi su."

"Ruwa ɗaya ne, amma ba shi kaɗai yake tafe ba. Ruwan Kadawa daga Tiga yake, ya kwanta a dam ya sauke yashinsa. Namu da yashi yake zuwa, yashi kuwa ya fi wannan ƙarfen tauri. A miƙe wucewa yake yi. A kwana, ruwa ya juya, shi kuma ya ci karo da bango. Gwiwar nan shekara 3 gare ta."

Ya waiwaya ga manomin. "Sabon injin fa?"

"Zai ninka gudun ruwan."

Yaron ya ce to shekara ɗaya da rabi ke nan. Tsohon ya girgiza kai. Gudu in ya ninka, ƙwayoyin yashin da ke dukan ƙarfe suna ninkawa, kowace kuma ƙarfin dukanta ya ninka huɗu. Cin zai iya kaiwa ninki 8.

"Ba za ta kai ka girbin tumatir ba, Alhaji."

Ya ba shi shawara ya sayi bututu mai faɗi don ruwan ya rage gudu, ya kuma ɗaga bakin tiyo daga ƙasan kogi. Manomin ya yi ƙorafin tsada, amma ya bi. Da aka sake aunawa bayan rani, abin da gwiwar ta ci bai kai na bara ba.