Ruwa Mai Tsarki, Laka Mai Guba

A fikihun Malikiyya, wanda Hausawan Abu Hujar da Mai Wurno, a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, suka gada daga kakannin da suka zo ta hanyar hajji ko bayan yaƙin Burmi na 1903, siffofi uku ake dubawa kafin a yanke wa ruwa hukunci: launi, ɗanɗano da wari. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi rangwame ga ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta canza, kamar laka ko gishiri. Shi ya sa idan Shuɗin Nilu ya cika da damina, ya yi jawur da lakar tsaunukan Habasha, babu mai shakkar yin alwala da shi.

Lakar da aka yi wa rangwamen nan ita ce maɓoyar zaiba. Masu haƙar zinare na gargajiya a Sudan, har da na yankin Kurmuk da Gesan a kudu, suna niƙa dutse su zuba zaiba ta kama zinaren, sannan su ƙona curin a wuta. Ragowar da ta zube ƙasa, ƙoramun damina na iya kwasar ta zuwa kogi. Zaiba tana manne wa laka, laka kuma tana kwantawa inda ruwa ya lafa, kamar bayan dam ɗin Rusairis na 1966 da na Sinnar na 1925, waɗanda Abu Hujar ke tsakaninsu. A can ƙasa ƙwayoyin bakteriya ke mayar da ita nau'in da ke taruwa a jikin kifi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, giwan ruwa ya cinye shi, masunci ya kai gida. Suya ko banda ba sa cire ta, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta fi shan wahalarta. A Minamata ta Japan aka gano cutar da wannan guba ke jawowa a 1956.

Irin wannan ruwa, zaiba ba ta motsa launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba, don haka alwala da shi ta inganta. Sai dai tsarki hukuncin ibada ne, bai taɓa zama shaidar lafiya ba. Maganar guba tana wani babin, na hana cutarwa, wanda hadisinsa ke cikin Muwaɗɗa Malik. Wuyar babin ita ce mai zubawa da mai cutuwa ba su san juna ba, tsakaninsu akwai tafiyar kwanaki, wani lokaci shekaru. Nisa ba ya sauke alhaki daga wanda ya san abin da yake zubawa, balle hukumar da ta ƙyale shi.

Ido da harshe ba sa gane wannan cuta. Haka ma a Zamfara a 2010, gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare cikin gida, gwajin jini ne ya tona ta. Fikihu ya saba komawa ga masana a abin da ya shige wa malami duhu, kuma hukuncin kifin kogi yana jiran awon laka da naman kifi a ɗakin gwaji.