Wa Ya Aike Ta?

Tsakanin Kusuri ta ƙasar Kamaru da Injamena, babban birnin Cadi, kogi ne kawai da gada. Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Maiduguri, ya ratsa Dikwa da Gamboru, ya shiga Kamaru ta Fotokol, a gadar Ngeli da take kan kogin Logon zai ƙare tafiyarsa ta fiye da kilomita 800, ya kuwa taka ƙasa uku. Tsohuwar hanya ce. Tun birnin yana amsa sunan Fort Lami, kafin a sake masa suna a 1973, Hausawa suke bi ta nan zuwa gabas: fatake, da malamai, da masu niyyar zuwa Makka a ƙafa. Waɗansu sun yada zango da nufin kwana kaɗan, ga jikokinsu nan har wa yau. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami yarinya haifaffiyar Injamena tana aure a Kano, uwa a wannan ƙetare, miji a wancan.

Bari mai karatu ya ɗauki irin wannan yarinya misali. Cikinta na fari ne, ya shiga wata na bakwai. Da ta je awo, ungozomar asibiti ta ce jininta ya hau, ga ƙafafu sun kumbura, ta riƙa dawowa kowane mako, kada kuma ta yi nisa. Amma al'ada ta ce haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, watau goyon ciki, uwar kuwa ta aiko sau biyu. Mijin malamin makaranta ne, ana cire wani abu daga albashinsa kowane wata domin inshorar lafiya ta jiha. Ya sa mata katin a jaka tare da katin awo, ya kai ta tasha. Ta kwana a hanya, ta isa lafiya. A dare na huɗu kanta ya sara, ganinta ya dushe, kafin asuba jijjiga ta kama ta. Aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji, bakwaini, aka sa shi a kwalba.

Sa'an nan maganar kuɗi ta taso. Katin inshora bai da aiki a can. Katin awo ma da Turancin Ingilishi aka rubuta shi, ma'aikatan kuwa Faransanci da Larabci suke karantawa. Gaskiya ne gwamnatin Cadi ta sanar tun 2013 cewa mata masu ciki da yara ƙasa da shekara biyar za a duba su kyauta a asibitocinta, amma sanarwa ba ta cika ɗakin ajiye magani. Abin da babu a ciki sai a rubuta a takarda a ce a sayo a waje, yau ɗaya, gobe biyu, ga ledar jini, ga abinci, ga makonnin da jaririn zai yi a kwalba. Kuɗin da aka tanada domin ragon suna suka ƙare cikin kwana uku. Sai ƙanenta ya ɗauki hotonta a kan gado, ya sa a Facebook da WhatsApp tare da lambar asusun banki. Kafin la'asar wani wanda bai taɓa ganinta ba ya aiko da abin da ya samu. Wani kuma, shi ma bai san ta ba, ya ce, “Tana sane da hawan jininta ta hau mota. Wa ya aike ta?”

Tambayar nan ba ta wauta ba ce, kada a yi saurin zagin mai ita. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, cikin kowace haihuwa 100,000 mata 1,063 suka mutu a Cadi, a Nijeriya kuwa 1,047. Sudan ta Kudu kaɗai ta fi su. Hawan jinin masu ciki yana cikin manyan abubuwan da suke kashe su, kuma ba ya sallama kafin ya juye ya zama jijjiga. Ko kamfanonin jiragen sama, yawancinsu ba su ɗaukar mai ciki bayan mako 36, in tagwaye ne ma bayan mako 32, alhali tafiyar sa'o'i kaɗan ce a zaune. Ina ga wadda za ta kwana a hanya cikin gargada da shingayen bincike, a wuraren da asibiti mai iya yin aiki yake da nisa? Mai tambaya yana tsoron wani abu na gaske: in kullum jama'a za ta biya, wa zai ƙara jin maganar ungozoma? Kuɗin da ya aika wa wannan kuma, ya hana wa wata wadda ta zauna a gida ta bi dukan abin da aka ce mata, duk da haka masifa ta same ta.

Sai dai tambayar tana da amsa, amsar kuwa ba yadda mai tambaya ya zata take ba. Lalle an aike ta. Uwa ta kira, gama ita ma haka aka yi mata. Uwar miji ta ce kunya ce a haifi ɗan fari a ɗakin miji. Miji ya biya kuɗin mota, ya kuma sami sauƙi a ransa, domin nauyin jego ya koma wani gida. Ungozoma ta faɗi gaskiya, amma ga yarinyar kaɗai ta faɗa, a cikin layi mai tsawo, ba ta ga mijin da ido ba. A cikin dukan waɗannan, wadda muryarta ta fi ƙanƙanta ita ce mai cikin. Yarinyar da al'ada ta koya mata kada ta ambaci cikinta a gaban manya, da wane baki za ta ce wa mahaifiyarta ba ta zuwa? Abin lura shi ne, sa'ad da hoto ya fita, fuskarta kaɗai ake gani. Waɗanda suka yanke shawarar ba su cikin hoton.

Al'adar ma ba mugunta ta kafa ta ba. A zamanin da ba asibiti, hannun da ya fi amana ga mai naƙuda shi ne na uwarta, gidan uwar kuwa yana unguwa ta gaba, ko ƙauyen da ake zuwa a kan jaki kafin rana ta take. Abin da ya sake shi ne nisa, da iyakoki, da kuma sanin da aka samu. Yanzu ana iya gane haɗarin tun da sauran wata biyu. Gidan da aka gaya wa, ya kuwa bar 'yarsa ta hau hanya domin kada a yi da shi, ya fifita bakin mutane a kan ran 'yarsa. Da uwar ce ta hau motar ta zo Kano, da al'ada ta sami abin da take nema, ba a taɓa lafiyar kowa ba.

Duk da haka, laifi da taimako ba a awo ɗaya ake auna su ba. Mutumin da ya faɗa rijiya saboda ya ƙi riƙe fitila, igiya ake fara jefa masa, faɗa ya biyo baya. Wanda ya ce sai an tabbatar mai neman taimako ba shi da laifi kafin ya miƙa hannu, zai daɗe bai ba kowa ba, gama da wuya a sami wahalar da ba hannun mai ita ko kaɗan a ciki. Akwai kuma wani a cikin kwalba wanda ba a yi shawara da shi ba. Bai je awo ba, bai sayi tikiti ba. Duk hukuncin da aka yanke wa uwarsa ta wurin hana kuɗi, a kansa yake sauka.

To, ina katin nan da aka yi shekaru ana biya? A nan sai a yi adalci. Inshora tukunya ce ta mutane sanannu, da asibitoci sanannu waɗanda aka yi yarjejeniya da su. Nijeriya ta soma nata tsarin a 2005, ta sake dokar a 2022 ta mai da shi wajibi, amma tukunyar ta cikin gida ce. Kamaru ta fito da wata takarda a jihohinta na arewa, wadda mai ciki take saya sefa 6,000 domin awo da haihuwa a asibitocin da aka zaɓa. Cadi tana da nata alkawarin kyauta. Ƙasashe uku ke nan, kowace ta yi wa mai ciki wani tanadi, kowane tanadi kuma yana tsayawa cik a bakin kogi, mutanen kuwa kullum suna hayewa, gama danginsu da kasuwarsu sun girmi iyakar. Ba zalunci ba ne tukunya ta yi baki. Zalunci shi ne a karɓi kuɗin mutum kowane wata ba a taɓa gaya masa da harshen da yake ji inda bakin yake ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuwa akwai gefen da ba zai aske ba, sai ya faɗa tun kafin ya karɓi ladan.

Kada a ce wannan ciwon matalauta ne kaɗai. A 2013 wata mace 'yar Kanada mai cikin wata shida ta tafi hutu tsibirin Hawai na Amurka, bayan likitarta ta yarda, ta kuma sayi inshorar tafiya. Faya ta fashe mata a can, ta yi makonni a kwance, ta haifi bakwaini. Kuɗin asibiti suka kusa dala miliyan ɗaya. Kamfanin ya ƙi biya, ya ce tana da wata matsala tun kafin ta tashi. Ta yi dukan abin da ake cewa mai hankali ya yi, ta faɗa ramin da ta Injamena ta faɗa. Dalili kuwa, ciki yana ba masu lissafi wahala. Ba ciwo ba ne, ba haɗarin mota ba ne, an san yana nan tun ranar sa hannu. Mutum ɗaya yake sayen takarda, biyu suke kwanciya a asibiti, na biyun kuwa ba sunansa a ko'ina domin ba a raɗa masa ba tukuna.

Inda takarda ta tsaya, nan roƙo ta intanet yake farawa. A 2019 shugaban kamfanin GoFundMe, wanda sana'arsa ke nan tara gudummawa ta intanet, ya ce kashi ɗaya cikin uku na masu neman taimako a wurinsu kuɗin magani suke nema. A ƙasar Hausa abin ya fi tafiya ta WhatsApp da lambar asusu. Ba shakka yana ceton rai, kuma abin sha'awa ne a ga mai gyaran waya a Legas ya aika wa wadda bai san ko sunan unguwarsu ba. Amma ya bambanta da gudummawar da aka gada. Gudummawar biki da adashi a tsakanin idon sani suke yawo. Ana rubuta wanda ya kawo, ana mayar masa ran nasa bikin, mai karɓa ba ta sunkuyar da kai domin gobe ita ce mai bayarwa. Ta intanet kuwa sau ɗaya ce, farashinta kuma sutura. Sai an nuna fuska, an nuna kumburi, an nuna jaririn da igiyoyin roba a hanci. Da yake 'yan damfara sukan ɗauki hoton wani su liƙa tasu lambar, masu bayarwa sun koyi shakka, shakka kuwa ƙarin hujja take nema: a ɗauko bidiyo, a nuna takardar likita. Yarinyar da ba za ta iya faɗin sunan ɗanta na fari ba saboda kunya, yanzu sirrin jikinta yana cikin wayar dubban baƙi, ba kuwa wanda ya tambaye ta, gama ba ta cikin hayyacinta sa'ad da aka ɗauka.

Ba kuma kowa ƙofar take buɗe wa ba. Mai ƙane ɗan makaranta, wanda ya san wani mai mabiya da yawa, ita ake gani. Ta gadon da ke kusa, wadda aka kawo daga ƙauye da irin ciwon, ba hotonta a ko'ina. Ƙofar ma ana iya rufe ta daga sama: daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16, an toshe Facebook da WhatsApp a Cadi. Ko kuɗin sun taru, da naira suke shigowa asusu a Kano, sai an bi ta hannun 'yan canji su zama sefa, tun faɗuwar naira a 2023 kuwa abin da yake isa bakin gadon ya ragu ƙwarai.

Matafiyan dā a wannan hanya ba su da kati, ba su da waya, mata kuwa sun haihu a kanta cikin tafiyar hajji mai ɗaukar shekaru. Abin da suke da shi shi ne zango, da fatoma mai saukar da baƙi, da sarkin Hausawa wanda ake kai wa kukan baƙon da ya kwanta ciwo. Ragowar wannan tana nan: a asusun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, a abin da ake tarawa a ƙofar masallaci ran Jumma'a, a baikon da zumuntar mata take ajiyewa a ikilisiya domin marasa lafiya. Irin wannan asusu ƙarami ne, ba zai biya wata guda a kwalba ba. Amma yana iya biyan daren fari, wanda shi ne daren da ake mutuwa, yana iya tara samari masu ba da jini, ba ya kuma neman hoto, domin wani dattijo zai taka ya je ya gani da idonsa. Shi ne kuma kaɗai yake da bakin da zai je wurin uwa da miji daga baya, ya yi musu tambayar nan a ɗaki, inda za ta yi amfani ga ƙanwar yarinyar wadda aurenta yake tafe.

A misalin nan, a ce kuɗin sun isa, uwa da ɗa sun rayu. An yi suna ba rago. Ƙanen ya rubuta godiya, ya roƙi jama'a su daina yaɗa hoton, amma hoto ba ya jin kira. Bayan wata uku wani ya gan shi a wani rukunin WhatsApp da sabon suna da lambar asusun da ba wanda ya sani a gidan. A Kano ana ci gaba da cire kuɗin inshora daga albashin malam. Likita ya ce duk cikin da za ta yi nan gaba a asibiti za ta haihu, saboda ɗinkin da ke mararta. Uwar tata ta ji, ta yi shiru. Sa'an nan aka soma shawarar ranar da za ta koma ɗakinta, da wanda zai riƙe mata jaririn a mota daga gadar Ngeli zuwa Fotokol.