Bas ta kama da wuta: a bakin wa ƙaddara take halatta?

Motar bas da ta gaji da jigilar fasinja tsakanin Mubi da Yola ba lallai ta ƙare a hannun 'yan gwangwan ba. Mai dabara yakan cire kujerun, ya kafa kantoci da firji, ya jera soket na cajin waya, ya ɗaura lasifika a sama, sai ga shago mai tayoyi da zai iya hawa har Kwaja, can cikin duwatsun Mubi ta Kudu dab da iyakar Kamaru. Da can ƙaramin janareta ne ke riƙe da irin wannan shago. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya juya: faranti biyu na sola a kan rufi, batir a ƙarƙashin kanta, da inbata mai caji a tsakani.

Aikin wannan inbata biyu ne. Tana ɗaukar wutar batir mai bolt 12 ko 24 ta mai da ita bolt 230 irin ta gida, idan kuma aka samu wutar Nepa ko ta janareta sai ta juya ta shiga cika batir. Zaɓenta ma ba wasa ba ne. Mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan sa injin firji gurnani da zafi, kuma firji a lokacin tashi yana fizgar ninkin abin da yake ci idan ya daidaita, don haka inbatar da aka auna cif da cif za ta yi ta ɗaukewa. Amma ba a wajen zaɓe ake asarar dukiya da rai ba. A wajen wayarin ne.

Inbata mai wat 2000, a ɓangaren soket, ba ta jan ko amfiya 9. A ɓangaren batir mai bolt 12 kuwa tana jan kusan amfiya 190. Nan ne mai wayarin da ya saba da aikin gidaje yake ruɗewa, domin wayar da ya saba sa wa soket, mai kaurin murabba'in milimita 2.5, abin da take ɗauka bai wuce amfiya ashirin da 'yan kai ba. Tsakanin batir da inbata ana bukatar waya mai kauri kamar yatsa, murabba'in milimita 50 zuwa 70, gajera, ta tagulla zalla mai laushi. Zafin waya kuma ba ya bin wuta sau da ƙafa: idan wutar ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa haɗa batura biyu a koma bolt 24 ya fi kwanciyar hankali. Ga kuma wayar da ta cika kasuwa, alminiyon a ciki, an shafa mata jan tagulla a waje. A kankare bakinta da wuƙa sai farin ya bayyana, alhali alminiyon bai kai kashi biyu cikin uku na tagulla wajen ɗaukar wuta ba. Sai fiyus, wanda wurinsa bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Hanyar dutse girgiza ce da ita. Wayar da aka zura ta hujin ƙarfe ba tare da zoben roba ba, yau da gobe bawonta zai cinye, ranar da tagulla ta taɓa jikin mota batir zai juye ƙarfinsa gaba ɗaya a wuri guda. Idan da fiyus, shi ne zai tsinke. Idan babu, wayar ce za ta yi ja.

A ɗauka hakan ta faru. Jama'a za su taru, a yi ta watsa ƙasa, daga baya a zo jaje: Allah ya mayar da alheri, haka Allah ya ƙaddara. Wannan magana gaskiya ce, kuma imani da ƙaddara rukuni ne da Musulmi ba ya cika sai da shi. Mai jaje da ya faɗe ta ya kyauta, mai asara da ya riƙe ta ya samu abin dafawa. Inda take canza kama shi ne idan ta fito daga bakin wanda ya yi wayarin, ya san fiyus ya kamata, ya bar shi.

Tun zamanin sahabbai aka yi wannan muhawara. Wajen shekara ta 639, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya nufi Sham, da ya isa Sarg aka sanar da shi annoba ta ɓarke, ita ce aka sani da annobar Amwas. Bayan shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya ba shi misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora raƙumansa cikin hukuncin Allah yake, amma ba wanda zai yabi wanda ya zaɓi fako. Sa fiyus da barinsa duk a cikin ikon Allah suke, sai dai ɗaya ne za a tambayi mutum a kansa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan Mubi kamar sauran Arewa, bai bar abin a wa'azi kawai ba. A ƙa'ida wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai ya yi sakaci. Amma malaman mazhabar sun ware masu sana'a: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta ɗora musu lamunin kayan da suka karɓa suka keɓe da su. Dalilin maslaha ne. Mai kaya ba ya nan, bai san aikin ba, idan aka bar kowane tela da maƙeri ya ce ƙaddara ce ya wuce, dukiyar mutane ta tafi. Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya kasa dalilan lamuni uku: ɓata abu kai tsaye, zama sanadin ɓacinsa, da riƙe shi a hannu. Misalin sanadi da malamai suka saba kawowa shi ne wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Bai tura kowa ba, wataƙila yana barci a gidansa lokacin da dabba ta faɗa, amma shi zai biya. Wayar batir marar fiyus irin wannan rijiya ce, ko da sai bayan wata shida ta ci wani. Maƙwabta Kirista ma suna da irin wannan hukunci a Maimaitawar Shari'a 22:8, inda aka umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa rawani don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa.

Sai dai zalunci ne a jibga wa mai wayarin komai, domin cinikin yawanci ga yadda yake tafiya.

“Alhaji, wannan wayar ba za ta ɗauka ba, a ƙaro a sayi mai kaurin.”

“Haba Malam, ai wancan yaron ya ce zai yi min da rabin haka. Yi min daidai kuɗina, Allah zai tsare.”

Mai aikin yana da iyali, ya san idan ya ƙi, aikin zai koma hannun wanda bai ma san ana sa fiyus ba. Shi kuma mai motar ba mugu ba ne, jarinsa ne ya ƙare a batir. Idan aka yi masa bayani filla-filla, ya ji, ya nace, to asarar firjinsa da kayansa ya saye ta da kansa, kuma mai aikin ya fita daga laifin algus, tunda abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye aibi. Wanda ya sa wayar alminiyon ya karɓi kuɗin tagulla kuwa, ba ya cikin wannan rangwame ko kaɗan.

Yardar mai mota tana da iyaka, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi. Bas ƙarfe ce a kan tayoyin roba. Idan wutar bolt 230 ta zurara jikinta, ba ta da hanyar sauka ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa. A kasuwar ƙauye da damina, wanda zai taɓa ɗin yarinya ce mai talla da ta zo sayen ƙanƙara ba takalmi, ko almajirin da ya jingina yana jiran inuwa. Abin da ke kare su ɗan makunni ne mai katse wuta da zarar ta zurara da miliamfiya 30, tare da haɗa jikin mota da wayar ƙasa ta inbata yadda ya dace, don makunnin ya ji zurarar. Haka wayoyin mutane arba'in da ke caji a kan kanta, amana ce ba ta Alhaji ba. Haka yaron shago da ke kwana a ciki, kusa da batir mai ruwa da ke fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita idan ba a huda mata mafita ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya halarci cinikin, balle ya yafe. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, ba ta ba mutum biyu damar su daidaita a kan haɗarin na uku ba.

Don haka mai aikin da ya san abin da yake yi yana da wurin sassauci da wurin tsayawa. Zai iya rage girman inbata, ya ce a haƙura da firji sai baɗi, a fara da batir ɗaya da fitilu da cajin waya. Inbata mai wat 600 tana jan ƙasa da amfiya 60, wayarta da fiyus ɗinta ba su da tsada. Zai raba batirin shago da na tayar da mota don kada a wayi gari a Kwaja mota ta ƙi tashi. Fiyus, kaurin waya da makunnin zurara kuwa ba sa cikin abin da ake tayawa. Idan Alhaji ya kafe sai babbar inbata a kan siririyar waya, abin da ya rage wa Malam shi ne ya tattara filaya da sukundireba, ya mayar da kafin alƙalami a gaban shaidu.