Me Yake Sa Ma'aikaci Ya Ba Aiki Zuciyarsa?

A ƙauyen Turu, a bakin hanyar da ta tashi daga Paraku zuwa Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, manoma sukan ɗauki 'yan ƙodago sa'ad da lokacin yin kunyar doya ya yi. Sau da yawa akan biya su bisa ga yawan kunyar da kowa ya tayar. Mutum biyu za su iya tayar da adadi ɗaya, su karɓi lada ɗaya, amma idan ruwa ya sauko sai a ga bambanci. Kunyar ɗaya tana nan tsaye, ta ɗayan kuwa ta zube, gama ya yi aikin ganin ido ne. Mai gona ya sayi hannun dukansu biyu, amma ɗaya kaɗai ya haɗa masa da zuciya. To, me yake sa mutum ya ba da abin da ba a iya ƙirgawa? Tarihin wannan ƙasa ya koyar da abu uku.

Na fari shi ne lada a kan kari. A shekara ta 1989 baitulmalin Benin ya ƙafe, bankunan gwamnati suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Malaman makaranta da sauran ma'aikatan gwamnati suka shiga yajin aiki, har yara suka yi hasarar shekarar karatu. Ba a sami hanyar fita ba sai da Shugaba Mathieu Kérékou ya yarda aka kira babban taron ƙasa a Kwatano a watan Fabrairu na 1990, wanda Bishop Isidore de Souza ya shugabanta. Waɗannan malamai ba ragwaye ba ne. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya bar 'ya'yansa da yunwa a gida, hankalinsa ba zai zauna a kan allo ba. Saboda haka ne Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago hakkinsa a ranar da ya yi aikin, kafin faɗuwar rana. Mai gidan da yake riƙe da ladan bara, yana kuma kukan cewa ma'aikatansa ba su da himma, ya kamata ya fara duba littafin bashinsa.

Na biyu shi ne mutunci. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kwatano ta iso Paraku a 1936, tsawonta kilomita 438. A zamanin nan Turawan Faransa suna sa mutane aikin tilas a ƙasashen da suke mulki, ba a kuwa hana shi ba sai a 1946. A watan Oktoba na 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka ajiye aiki, har da na Dahome, wato Benin ta yau, aka kuwa kai watan Maris na 1948 kafin a gama sasantawa. Ana biyan waɗannan mutane albashi. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an raba ma'aikata gida biyu, Bature da dokarsa da gatansa, baƙin mutum da tasa, alhali kuwa jirgi ɗaya suke tuƙawa. Suka nemi a sa kowa ƙarƙashin tsari ɗaya. Mutanen da suka jure fiye da wata biyar ba albashi domin wannan magana sun nuna cewa akwai abin da ma'aikaci yake so gaba da kuɗi. Idan ana kiransa da “kai yaro” alhali yana da furfura, ko ana tsawata masa a gaban 'ya'yan mai gida, zai zo aiki da safe, amma ya bar zuciyarsa a gida.

Na uku shi ne sanin inda aka nufa da samun rabo a ciki. A ƙarni na 19 Paraku da Jugu zango ne na fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro. Sukan taso daga Kano da wasu garuruwa da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga. Madugu ne uban tafiya, shi yake daidaitawa da sarakunan hanya a kan abin da za a biya, jagaba kuwa yana gaba yana duba hanya. Falken da yake da kayansa a cikin ayari ba ya bukatar a tashe shi tsaron dare, domin hasarar ayari hasararsa ce. Amma a cikin ayarin nan akwai bayi masu dako, waɗanda ba su da kome a cikin ribar, su kuwa sai da tsaro. Haka yake har wa yau a shago da gareji da masana'antar gurzar auduga. Wanda aka gaya masa dalilin aikin, aka nemi shawararsa, aka kuma tuna da shi ranar riba, yakan kashe fitilar da aka manta a kunne ko ba a sa shi ba.

Wani zai ce, ashe, ba wajibi ne mutumin kirki ya yi aikinsa da aminci ko mai gida ya kyautata ko bai kyautata ba? Gaskiya ne. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Malamin asibitin da ya yi sakaci da majiyyaci saboda yana fushi da shugabansa ya hukunta marar laifi. Wanda aka zalunta yana da hanyar kai kuka, yana da ikon ajiye aiki a fili kamar yadda ma'aikatan jirgi suka yi, amma ba shi da ikon karɓar lada yana ɓata aiki a ɓoye. Duk da haka wannan magana ta ma'aikaci ce tsakaninsa da lamirinsa da Allah. Ba ta zama sanda a hannun mai gida ba. Wanda bai cika nasa alkawari ba, ba shi da bakin yi wa baransa wa'azin aminci.

Wannan ya shafi ikkilisiya ma, gama ita ma tana ɗaukar ma'aikata: mai gadi, da direba, da malamar makaranta, da mai sharar asibiti. Yana da sauƙi a ce musu aikin Ubangiji ne, su yi haƙuri, alhali albashinsu ne na ƙarshe da ake tunawa da shi. Ya kamata kowane kwamiti da kowane mai gida ya tambayi kansa abu uku a ƙarshen wata. An biya kowa a ranar da aka yi alkawari? An yi wa kowa magana yadda ya dace da ɗan'adam? Akwai wanda aka tambaye shi yadda yake ganin za a gyara aikin, aka kuma saurare shi? Manomin Turu da ya iya amsa waɗannan da “i” ba zai sha wahalar samun masu yi masa kunya mai kyau baɗi ba.