Malafa da Tabarau Ba Kayan Gayu Ba Ne

Jama'a, akwai ɓarnar da rana ke yi wa idanunmu a ɓoye, mu kuwa muna ɗora wa tsufa laifin duka. A cikin hasken rana akwai wani nau'in haske da ido ba ya gani, masana na kiransa UV. Ba ya sa ciwo nan take. Illarsa taruwa take yi shekara da shekaru, har ta gaggauta saukar yana, ko ta tsirar da wani jan nama daga gefen hanci yana rarrafe zuwa baƙin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, da kusan kashi 43 cikin ɗari. Tsufa ne babban sanadi, babu musu, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin ɗari na makantar yana na da nasaba da wannan haske. Wannan kason kuwa muna iya rage shi da abin da bai kai kuɗin buhun taki ba.

Wani zai ce kakanninmu sun yi noma da kiwo ba tabarau. Haka ne, amma ba da kai tsirara suka yi ba. Manomi kan sa malafa mai faɗi, Bafillace ma haka, kuma idan rana ta take sai a koma gindin bishiya. Mu ne muka yar da malafar, muna jin kunyarta, alhali inuwarta kaɗai na tare wa ido kaso mai yawa na hasken. Masu cewa baƙar fata na da kariya su sani fata daban, cikin ido daban. Hazon hunturu da gajimare ma ba sa tare hasken duka, sai dai su yaudare mu da sanyi.

Inda na fi jin tsoro shi ne baƙin tabarau na bakin titi. Idan gilashi ya yi duhu, ƙofar da haske ke shiga ido buɗewa take ƙara yi, to in ba shi da sinadarin tace UV, ya ƙara wa Barno dawaki ke nan. A nemi mai alamar UV400, kuma tunda ana iya liƙa takardar ƙarya, gara a saya a wurin masu gwajin ido. 'Yan acaɓa, masu tura baro da masunta, ku ne a sahun gaba, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

Iyaye, idon yaro ya fi na babba barin wannan haske ya ratsa ciki, zabiya kuma ya fi kowa buƙatar kariya. Kada yaro ya bi ku gona ko kiwo ba malafa a kansa.